Kayan haɗa katin fure da na saya daga Kano: tawadar ta ɓata mana hijabin sauka

Kaya dai sun iso lafiya, wannan ba zan tauye wa mai sayarwar ba. Ta ba direba a tasha a Kano, ya sauke a Ringim, ƙanena ya ɗauko mini a babur har gida. A cikin kwalin akwai fallayen roba masu hujin zanen fure, waɗanda suke kira sitensil, da hatimai na roba garai-garai da ake mannawa a jikin wani ɗan dunƙulen gilashin roba, da sosunan tawada, sai bandir ɗin farin kati mai sheƙi. Kun san nawa ake sayar da irin wannan haɗin yanzu, kuma kun san ba kuɗin da malamar Islamiyya za ta fitar ba ne sai ta yi ta juya lissafi.

Dalilin sayen shi ne 'yar yayana za ta yi saukar Alƙur'ani, ni kuma na ɗauki alkawarin katunan walima na malamanta da manyan matan dangi. Na gaji da katin da ake bugowa a shago, wanda duk gidan da ka shiga zanen nan ɗaya ne. Na so kowa ya karɓi abin da hannu ya taɓa.

Sitensil ɗin ba su ba ni wahala ba ko kaɗan. Duk macen da ta taɓa yin ƙunshin salatif ta riga ta san aikin: ki kafe fallen a kan katin kada ya motsa, ki ɗibi tawada kaɗan a soso, ki fara rage ta a wata takarda, sannan ki riƙa dangwalawa daga sama. Idan kika goga, ko tawadar ta yi yawa, za ta kutsa ƙarƙashin robar ta ɓata gefen furen. Akwai wani mai fure biyar-biyar da na fi so, na yi masa ruwan ɗorawa mai haske na ɗiga ja mai duhu a tsakiya, ya fito sak furen yakuwa da muke gani a gonakinmu kafin a fara ɓarar zoɓo. Gwaggona da ta gani sai da ta kai shi kusa da ido tana cewa, "Ke 'yar nan, da hannu kika yi wannan?"

To, ga inda raina ya ɓaci.

Na gama buga katunan da yamma, jajayen furanni da ganye kore, na jera su ɗaya-ɗaya a kan tabarma a ɗaki na rufe ƙofa. Hunturu ne fa, lokacin da wanki yake bushewa tun ba ki gama shanya ba. Gari ya waye na taɓa gefen fure ɗaya da ɗan yatsa, ja ya biyo ni. Na ce bari in ƙara musu lokaci. Wuni ya wuce, wani daren ya wuce, tawada tana nan danƙo-danƙo, ga ƙurar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ta zauna a kai ta manne, jan ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Koren ya ɗan kama, amma jan da shuɗin ko alama.

Ranar da ya rage kwana ɗaya walima, yarinyar ta shigo tana gwada farin hijabin da aka ɗinka mata na sauka. Murna ta ɗebe ta, ta tattara katunan ta rungume a ƙirji za ta kai wa babarta ta gani. Kafin in ce mata ajiye, aikin gama ya gama. Furanni uku suka kwanta a gaban hijabin, ja jawur, har da zanen jijiyar ganye, katunan kuma kowanne ya shafa wa bayan ɗan'uwansa. Ta tsaya tana kallon ƙirjinta, ta ce, "Gwaggo, zai fita?" Ban iya ba ta amsa ba. Mun wanke da sabulu, mun jiƙa, mun sake wankewa, jan ya koma ruwan hoda ya bazu ya ƙi tafiya. Da daddare aka je aka roƙi tela ya ɗinka wani. Yarinyar da ta yi shekaru tana tashi da asuba tana tilawa, a jajibirin saukarta ta kwana da hawaye saboda tawada.

Na kira mai kayan. Ta ce, "Ayya Hajiya, ai da kin sa na'urar busar da gashi, da minti kaɗan ta bushe." Na'urar busar da gashi! Ita da ta rubuta sunan ƙauyenmu da hannunta a jikin kwalin, ta san inda take turo kaya, ta san yadda wuta take a wajenmu. In ma akwai wutar, me ya hana ta faɗa tun farko? Babu takardar bayani ko ɗaya a cikin kwalin.

Daga baya wani mai shagon buga katin aure a Ringim ya warware mini abin. Tawadar hatimi galibi iri biyu ce. Akwai mai ruwa-ruwa wadda takarda ke shanyewa nan take, sai dai in ruwa ya taɓa ta za ta zube. Akwai kuma mai kauri wadda take zama a saman takarda, launinta ya fi fitowa, amma tana jinkirin bushewa. Kati mai sheƙi an shafe fuskarsa, ba ya shan komai, don haka mai kaurin nan ba ta da inda za ta shiga sai an gasa ta da zafi. Wato an haɗa mini tawada da katin da ba sa tafiya tare, aka sayar mini a matsayin haɗi guda. Ya ba ni kati marar sheƙi mai kaurin da suke kira giram 250, wanda ya ninka takardar firinta ta giram 80 sau uku da ɗoriya. A raba A4 biyu a ninke, ga kati daidai ambulan ƙarami. Da shi na sake aikin cikin dare da fitila, kafin azahar ya bushe sarai.

Kuma gaskiya, a kan wannan katin sai kayan suka nuna kansu. Hatiman suna fitar da layi siriri tsaf, kuma da yake garai-garai suke, kina ganin daidai inda za ki ɗora ganye a jikin reshe. In ƙura ta hana su mannewa a dunƙulen, ruwa da ɗan sabulu ne maganinsu, a shanya a inuwa, su dawo kamar sababbi. Malamin yarinyar ya sa nasa katin a cikin allon sanarwa na makaranta, mata biyu kuma sun riga sun ce in yi musu na suna. A ranar har na ji zuciyata ta sauko, na ce wataƙila zan sake sayen wasu zanukan a wurinta.

Amma da na zauna yin na sunan, sai wani takaicin ya taso. Hatiman rubutu da ke ciki duk da Turanci suke, na murnar zagayowar ranar haihuwa da na godiya. Babu Barka da Sallah, babu Allah ya raya, babu Allah ya sanya albarka. A tallanta ta ce sun dace da biki da suna da walima. Wace walimar? Duk gaisuwar da biro nake rubuta ta, hatiman nan suna ajiye ba su da amfani a wajena, kuma kuɗinsu yana cikin abin da na biya.

Na rubuta mata cewa ta karɓi sauran katin mai sheƙi ta canza mini da marar sheƙi, ban ma yi zancen hijabi da kuɗin tela ba. Ta ce kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Na tura mata hoton hijabin, ta buɗe ta gani, har yau ba ta ce ko sannu ba, kuma haɗin yana nan tana tallatawa da katin nan mai sheƙi a ciki.