Shekara Biyu da Binne Bututun Ruwan Zafi: Abin da Na Gani

Faifan da ke tara mana zafin rana don dumama ruwa ba a kan rufi yake ba. Inuwar bishiya ta mamaye rufin, don haka aka kafa shi a ƙasa, mita 18 daga ɗakin da tanki yake. Dole bututu ya ratsa tsakar gida, ni kuwa ban yarda yara su riƙa tuntuɓe da ƙarfe mai zafi ba, shi ya sa na ce a binne.

Aikin farko bai yi albarka ba. Mai aikin ya naɗe bututun jan ƙarfe da soson tsare zafi na yau da kullum, ya ɗaure da salatif, aka mayar da ƙasa. Da ruwan sama ya kankama sai na ji ruwan wanka ba ya kai yadda ya saba. Na auna a bakin faifan, na auna a bakin tanki: digiri 9 ke salwanta a hanya. Ranar da muka tone, abin da na gani ya sosa mini rai. Kusa da faifan soson ya narke ya manne wa ƙarfe kamar ƙaro. Can tsakiya ƙasa ta danne shi ya yi fale-fale, ruwa ya bi ta tsagarsa ya kwanta a jikin bututu, gara kuma ta yi hanya a ciki.

Daga baya na gane dalili. Iskar da ke kulle a ƙananan ramukan soso ita ke tsare zafi, ruwa kuwa ya fi iska ɗaukar zafi sau ashirin da 'yan kai. Sannan idan injin tura ruwa ya tsaya da rana tsaka, faifan kan haura digiri 150, alhali wancan soson ko 100 ba ya jurewa.

A karo na biyu na sayi tagwayen bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai jiki gaɓa-gaɓa, wanda ke zuwa a naɗe cikin baƙar robar EPDM, da wayar ma'aunin zafi a manne. Wannan roba tana ɗaukar digiri 150. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne tsayinsa guda ne, daga faifai har tanki babu haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Duk inda aka yi haɗi, nan yoyo ke fara sallama, kuma wa ke son sake tonon rami?

Sai dai kada kaurin rigarsa ya ruɗe ka. Ban binne shi tsirara ba. Mun zura shi cikin babban bututun roba mai faɗin milimita 110, muka shimfiɗa yashi a ƙasan rami mai zurfin santimita 60, muka ɗan karkata shi zuwa gefe guda. Kafin a zuba ko cebur ɗaya na ƙasa sai da aka cika bututun ƙarfen da ruwa aka matsa don gwada yoyo, ya kwana allurar ma'auni ba ta motsa ba. Bakunan babban bututun biyu muka ɗago sama muka toshe su tam saboda ruwa da ɓeraye.

Yana da nasa aibu. Gaɓoɓin nan suna rage gudun ruwa, suna kuma riƙe iska. Mun yi wuni guda muna fitar da ita kafin ƙarar ɓulɓul ta daina. Da yanzu ne, mai faɗin milimita 20 zan ɗauka maimakon mai 16 da na saya. Zura shi a lanƙwasa ma aiki ne ja, sai da mutum uku, ɗaya na ja da igiya biyu na turawa. Kuma ɗan guntun da ya fito fili kusa da faifan, tsuntsaye sun fara tsattsage robar, har sai da na lulluɓe shi da gwangwani.

Yanzu tsakanin faifai da tanki digiri 2 kawai nake rasawa. Makon jiya bayan ruwa mai ƙarfi na buɗe toshiyar babban bututun ta gefen gangare na zura hannu har gwiwa, na fito da shi a bushe, sai 'yar ƙura a yatsu.