Gwajin alaji: na fata ko na jini, wanne ya kamata ka biya?

Hunturu na shigowa Katsina wasu sun shiga uku da atishawa, ido ya yi jawur hanci na zuba, wani kuma gyaɗa ko kifi kawai zai ci jiki ya ɗau borin jini, to in likita ya ce a yi gwajin alaji iri biyu ne a gabanka.

Na fata ya fi sauri kuma yawanci ya fi arha. Za a ɗiɗɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a kan fatar hannunka, irin su ƙurar ɗaki, gashin kyanwa, kyankyaso, a ɗan taɓa wurin da tsinin allura ko jini baya fita, minti 15 zuwa 20 duk inda ya tasa kamar cizon sauro to an samu abin zargi. Amma fa sai ka ajiye su Piriton da loratadine da cetirizine na wasu kwanaki kafin ranar, in ba haka ba fatar lafiya lau za ta nuna ka yi asarar kuɗinka, mu kuwa nan atishawa biyu mutum ya yi sai kemis. Sannan a yi shi inda likita yake kusa, don jefi-jefi jikin wani kan rikice.

Na jini kuma IgE ake aunawa, wato wani sinadarin garkuwar jiki da ke ƙaruwa in akwai alaji, ba ruwanshi da maganin da kake sha, shi ya fi dacewa da wanda ƙuraje suka cinye ma fata ko wanda ya taɓa kumbura har numfashi ya sarƙe. Sai dai akwai tsada kuma sakamako sai an jira kwanaki. In daga Daura za ka taso ka fara bugo waya ka ji wane iri lab ɗin ke yi, don akwai mai auna IgE gaba ɗaya, wanda ko tsutsar ciki tana ɗaga shi kuma ba zai faɗa maka abin da ke damunka ba, kai na abu ɗaya-ɗaya kake so, na gyaɗa daban na ƙwai daban.

Ni dai in fatarka ƙalau take kuma za ka iya haƙura da magani, na fata zan ce ka fara. Ko wanne ka yi kar ka hana yaro madara ko ƙwai don takarda ta nuna alama alhali yana ci lafiya, ka kai ma likita takardar ka faɗa mashi me aka ci da kuma bayan minti nawa abin ya taso.