Hodar fito da saiwa: na gwada ta a kan jiraniyom

Wasu daga cikin masu sayar da furanni a bakin titi nan Katsina suna ajiye wata farar hoda cikin 'yar roba, wai in ka dangwala gindin reshe a ciki ka dasa, ba makawa sai ya yi saiwa. Ni saboda jiraniyom, wata shukar fure da ake sawa a tukunya, na saye ta. Ina da uwa guda mai jan fure da ƙanwar maigidana ta kawo mini daga Jos, ina so in yawaita ta a tsakar gida ba sai na riƙa sayen sabuwa ba. Ga mai sauri: hodar ba damfara ba ce, tana aiki, sai dai jiraniyom ba ta cikin masu buƙatarta.

Abin da ke cikinta sinadari ne da ake kira IBA, mai yin irin aikin wanda shuka ke samarwa a jikinta don wurin da aka yanka ya fitar da saiwa. Ba taki ba ne, ba ya ciyar da komai. Kuma ƙarfinta hawa-hawa ne: mai kashi 0.1 cikin 100 ta rassa masu taushi ce, mai 0.8 ta masu taurin itace.

A Nuwamba, da sanyi ya fara sauka, na yanki rassa na raba su gida biyu, wasu da hoda, wasu haka nan. Yashi ɗaya, inuwa ɗaya, ruwa ɗaya. Wajen mako uku na ɗan ja su a hankali, duk ɓangarorin biyu sun riƙe ƙasa. Da na zazzage wasu na duba, saiwar masu hoda ta ɗan fi cika, gaskiya ɗaya ce. Amma a cikinsu ne kuma na fi samun asara. Inda hodar ta yi yawa sai ta cure a bakin yankan ta riƙe danshi, gindin ya yi baƙi ya yi laushi, baƙin ya dinga hawa sama har reshen ya kife. Wanda ya kai haka ba shi da magani, sai a tuge shi a zubar har da yashinsa, don ruɓewar tana bin danshi ta kama na kusa.

Dalilin yana jikin shukar. Jiraniyom ɗin da muke sawa a tukunya, wadda masana tsirrai ke kira Pelargonium, asalinta Afirka ta Kudu ce, kuma daga can jiragen ruwa suka kai ta Turai a ƙarni na 17. Kararta mai kauri ce, tana ajiye ruwa, shi ya sa reshen da aka yanke ba ya saurin yaushi, yana da guzurin da zai kai shi har ya yi saiwa. Duk wanda ya taɓa kafa shinge da bini-da-zugu ya san irin wannan hali. Ƙishirwa ba ta cika kashe jiraniyom ba, yawan ruwa ke kashe ta.

Da na koma wurin dattijon da ya sayar mini, na ce, "Baba, jiraniyom fa ba ta damu da hodar nan ba."

Ya yi dariya. "Hajiya, ai ita ko a yashin gini kika soka ta sai ta kama. Hodar ta masu taurin kai ce."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai ba ki ce ita za ki dasa ba."

Abin da ya fi hodar amfani shi ne yadda aka yi yankan. A zaɓi reshe lafiyayye mara fure, tsawon santimita 8 zuwa 10, a yanke shi da sabuwar reza daidai ƙarƙashin gaɓa, don nan saiwa ta fi fitowa. A cire ganyen ƙasa da 'yan ƙananan ɓawon da ke gindinsu, a bar biyu ko uku a sama, in akwai tohon fure a tsinke shi ko da ana jin zafinsa. Sai a ajiye reshen a inuwa na wasu awoyi har bakin yankan ya bushe. Wannan shanyar ita ce mutane suka fi tsallakewa, alhali ita ke tare ruɓewa. Daga nan sai wankakken yashi, ba ƙasar da aka cakuɗa da takin awaki ba. Takin sai an yi dashe. Ƙaramin kasko na ƙasa mai huda a gindi ya fi roba, yana shan iska, ruwa ba ya kwana a ciki. Gwangwanin madara ma ya yi in an huda shi da ƙusa. Kada a rufe da leda kamar yadda ake yi wa wasu furanni. Ruwa kuwa, a ba shi sau ɗaya sosai, kada a ƙara sai an soka yatsa an ji yashin ya bushe.

Lokaci ma ya fi hodar tasiri. Reshen ya fi son zafi tsaka-tsaki, wajen digiri 18 zuwa 24. A Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina ke haura 40, uwar kanta daina fure take yi, balle reshe mara saiwa. A Agusta kuma marka ce, yashi ba ya bushewa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu ya fi dacewa da mu, matuƙar an sa kaskon a lungun da iskar hunturu ba ta bugunsa kai tsaye, ana kuma kaɗe masa ƙura. Ranar hantsi ta ishe shi.

Inda hodar ta fanshi kuɗinta shi ne buganbiliya, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga. Rassanta sun daɗe suna ba ni wahala, su yi toho kamar sun kama, sai su bushe. Da hodar kuwa da dama sun tsaya. Don haka mai son dasa ita, ko wardi, zai iya saye, ya nemi mai ƙarfi in da hali.

Ƙorafina biyu ne. Rubutun jikin robar ƙanana ne ƙwarai, kuma tawa ranar lalacewarta ta goge, alhali sinadarin yana raguwa da zafi da haske, ga shi a rana ake jera ta a wurin sayarwa. A duba wannan kafin a biya. Sannan bakin robar mai faɗi ne, yana sa mutum ya tsoma reshe kai tsaye, wanda hakan ke kai danshi da cuta cikin sauran. Gara a zuba kaɗan a murfi, a dangwala, a karkaɗe har sai ɗan fari-fari ya rage, abin da ya saura a murfin a zubar, robar kuma a rufe ta sosai a sa a kabad.