Tsohon 737 ko sabon jirgi: wanne ya cancanci kuɗin filin Baba?

Ƙanena, na fahimci tambayarka. Ka gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, lasisin CPL na tuƙin jirgin kasuwanci yana hannunka da awa 200 da 'yan kai, kana zaune a Kubwa babu aiki, mahaifinku kuma ya yarda ya sayar da filinsa na Lugbe a biya maka taif retin, wato horon da ke ba ka izinin tuƙa samfurin jirgi guda. Kana so ka san ko ka yi shi a kan tsohon Boeing 737, samfurin 300, 400 da 500 da ake ce wa Classic, ko ka nemi na sabon jirgi irin Embraer E195-E2 ko Airbus A220.

Mu fara da kuɗi. Duka biyun da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin da yayyenka suka yi a baya ya daina aiki. Horon Classic ya fi sauƙin kuɗi, domin na'urorin kwaikwayonsa tsofaffi ne, masu su sun daɗe da mayar da jarinsu. Na E2 da A220 ba su da yawa a duniya, kamfanoni ne ke kame lokutansu, mai zuwa da kuɗin aljihunsa sai ya bi layi. Ka kuma lissafa biza, tikiti, masauki, da zagayen tashi da sauka da jirgin gaske bayan ka gama da na'ura. Wannan na ƙarshen sau da yawa ba ya cikin farashin da ake fara gaya maka, kuma idan babu shi retin ɗin bai cika ba.

Sai maganar inda aikin yake. Idan ka tsaya a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da safe ka ƙirga jiragen da ke jigila tsakanin Abuja da Legas, Kano, Yola da Maiduguri, za ka ga Classic bai ɓace ba. Kamfanoni irin su Max Air, Air Peace da Aero Contractors sun yi shekaru suna aiki da shi, kuma Aero yana yi masa babban gyaran da ake kira C-check a Legas. Sabbin kuwa kowanne gida ɗaya gare shi: E195-E2 na Air Peace ne, ya fara isowa a 2021, A220 na Ibom Air ne, na farko da ya saya ya iso a 2023. Idan ka biya kuɗin A220 da kanka kuma kamfanin nan ɗaya bai kira ka ba, babu ƙofa ta biyu da za ka ƙwanƙwasa a ƙasar nan. Ban da haka, kamfanin da ya sayi sabon jirgi yakan ɗebo matuƙansa na cikin gida ya tura su horo, su sa hannu a kan yarjejeniyar zama na wasu shekaru. Ba ya jiran baƙon da ya zo da takardarsa daga waje.

To amma Classic ƙarewa yake yi, wannan babu ja. An fara aiki da shi a 1984, na ƙarshe ya bar masana'anta a 2000. Bayan hatsarin jirgin EAS a unguwar Gwammaja a Kano, a watan Mayun 2002, gwamnati ta hana amfani da BAC 1-11, samfurin jirgin da ya faɗi, ta kuma kafa ƙa'idar shekara 22 a kan jiragen da ake shigowa da su. Duk wani Classic da ke duniya yau ya haura waɗannan shekaru. Injinsa na CFM56-3 yana shan mai fiye da na zamani, ga man jirgi ya zama babban abin da ke cinye kuɗin kamfani. Idan lokacin babban gyara ya zo, wani lokaci kuɗin gyaran ya fi ƙimar jirgin, sai a ja shi gefe a bar shi. Matuƙan wannan jirgin kuma su zauna a gida, ba awa, wani sa'in ba albashi.

Ga abin da nake so ka riƙe sosai, domin nan ne mutane ke kuskuren lissafi. Tsufan jirgi daban, mutuwar retin daban. Wanda ya koyi Classic ba ya farawa daga tushe idan zai koma ƙannensa na baya-baya, 737-700 ko 800, ko ma MAX. Hukumomin Turai da Amurka suna ɗaukar su dangi ɗaya, abin da ake buƙata shi ne gajeren horo a kan bambance-bambancensu. Kuma waɗannan su ne jiragen da ke cike a Ethiopian, Kenya Airways, RwandAir, ASKY da ke Lome, da flydubai. Ashe awannin da ka tara a tsohon 737-300 tsakanin Abuja da Kano, awannin 737 ne a littafinka. Ka kwatanta da matuƙan MD-83, jirgin da Dana Air ya yi aiki da shi. Da aka dakatar da Dana Air a watan Afrilun 2024, wanda bai da wani retin sai wannan ya rasa inda zai kai shi a ƙasar nan, dole ya sake neman kuɗin wani horon. ERJ-145 ma, ko da yake kamfanoni kamar United Nigeria da Rano Air suna aiki da shi, retin ɗinsa ba ya kai ka kan E2. Don haka idan aka ce maka "tsohon jirgi", ka tambaya ko yana da ƙannen da ke tashi.

Kada kuma ka ɗauka sabon jirgi ba ya kwanciya. Matsalar injinan kamfanin Pratt & Whitney ta ajiye A220 a ƙasa a Tanzaniya da Senegal, EgyptAir ma ta sayar da nata guda 12 a 2024. Matuƙi mai sabon retin yana iya zaman gida kamar mai tsoho.

Ta fuskar hannu, ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. Classic jirgi ne da ke sa ka ji nauyinsa: wayoyin ƙarfe da haidirolik ne tsakanin hannunka da fikafikai, babu kwamfutar da ke tace umarninka kamar a E2 da A220. Ka sauke shi a Heipang da ke Jos, inda tudun ya haura mita 1,200 kuma iska ba ta da kauri, ko ka shigo Abuja cikin ƙurar hunturu ko hadarin damina, za ka koyi abin da zai bi ka har ka yi ritaya a shekara 65. Sai dai ban yarda da masu cewa sabon jirgi ba ya yin matuƙi ba. Sarrafa kwamfutocin ɗakin tuƙi ƙwarewa ce ita ma, kuma ita manyan kamfanoni ke gwadawa ranar intabiyu. Abin da za ka kula da shi a tsohon jirgi shi ne tarbiyyar kamfanin: shin kyaftin yana iya rubuta matsala a littafin gyara, ya ƙi tashi, ba tare da an yi masa barazana ba? Wannan ka tambayi injiniyoyi da mataimakan matuƙa, ba ofishin ɗaukar ma'aikata ba.

Abin da kake nema a yanzu awa ne. Sai ka kai awa 1,500 za ka samu cikakken lasisin ATPL, mafi girma a tuƙin jirgi, kuma ba za ka hau kujerar hagu ta kyaftin ba sai da shi. Jirgin da zai sa ka a kujerar dama ta mataimakin matuƙi bana ya fi wanda za ka jira shekara uku, ko da kuwa mai farfela ne irin ATR 72, wanda gajerun tafiye-tafiyensa ke ba mutum sauka da yawa.

Idan ni ne kai, tsakanin biyun nan 737 zan ɗauka, kuma zan nemi makarantar da za ta haɗa mini horon bambancin 700 da 800 a tafiya ɗaya. Amma ba zan bari Baba ya sayar da filin ba sai na ga takardar ɗaukar aiki a rubuce. "Je ka yi retin, mu gani" cinikin biri a sama ne. Retin ba ya jira: ana sake gwada matuƙi a na'ura lokaci-lokaci, kuma doka tana buƙatar tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja. Wanda ya dawo ya zauna shekara guda ba tashi, sai ya sake biyan dala kafin wani ya dube shi.

Kafin ka tura ko sisi, ka je ofishin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ka tabbatar sun amince da makarantar, domin idan ba su amince ba ba za su sa retin ɗin a lasisinka ba. Ka kuma tambayi kamfanin jirage nawa gare shi masu tashi yau, ba waɗanda ke ajiye ba, da yaushe ne babban gyaran kowanne. Idan sun ce su za su biya horon ka sa hannu a yarjejeniya, ka kai wa lauya ya duba me zai faru da bashin idan su ne suka daina tashi.