Sharhi: Ƙaramar mita DT830 da tsohuwar Fijo 504 mai tashi yau ta ƙi gobe

Ciwon da ya fi wahalar da mai tsohuwar mota shi ne wanda yake zuwa ya tafi. Da safe 504 ta tashi da murɗa makulli ɗaya, da azahar a Terminus cikin garin Jos ta yi "ƙas" ta yi shiru, a ja ta zuwa Farin Gada kuma ta tashi lafiya a gaban bakanike. Daga nan ake shiga canjin kaya a makance: batir, kwayil, fulogi, kuɗi suna tafiya Dilimi wurin masu sayar da kayan mota, ciwo yana nan. A kan irin wannan matsala na yi amfani da mitar auna wutar nan mai ruwan ɗorawa irin DT830, wadda masu gyaran rediyo suke riƙewa, a jikin 504 mai kafireta da kwantak. Ra'ayina shi ne a saye ta, kuma ta zauna a cikin motar, domin awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi a lokacin da motar ta ƙi tashi.

Kusan duk aikin a wuri ɗaya ake yin sa: a juya ta zuwa 20 a ɓangaren wutar batir. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna bolt 12.6, idan ya nuna 12.2 rabi ya rage. Amma wannan lambar ba ta isa hukunci ba. A sa giya a firi, a ja birkin hannu, a cire siririyar wayar da ke kai wuta kwayil don kada injin ya kama, wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Idan ta faɗi ƙasa da 9.6, batir ya gaji, kuma sanyin Jos na Disamba da Janairu ne yake fara tona shi, shi ya sa yake ƙi da asuba ya yarda da rana.

Inda mitar ta fi burge ni shi ne awon wutar da ke ɓacewa a hanya. Kik yana jan fiye da amfiya 100, don haka wayar da ta ruɓe a ciki, saura 'yan silli, za ta kunna fitila lafiya amma ta kasa ɗaukar kik. A ɗora jan tsinken mitar a kan ainihin dalmar batir ta fositib, ba a kan maƙalin ba, baƙin kuma a kan babban notin kik, a murɗa makulli. Fiye da bolt 0.5 yana nufin waya ko kan batir na cin wuta. A maimaita tsakanin dalmar negatib da jikin injin. A nan kada ya wuce 0.3. A tsofaffin motoci wayar at ce ta fi yawan laifi, wadda ta haɗa injin da bodi: tsatsa da baƙin mai sun shiga ƙarƙashin notinta, girgiza ta haɗa ta yau ta raba ta gobe. Samfefa da ɗan giris sun isa, ba sai an sayi komai ba.

Sai siririyar wayar da ta taso daga makulli zuwa salanayid, ɗan gwangwanin da ke kan kik mai haɗa masa wutar batir. Idan mota ta fi ƙin tashi bayan ta yi zafi, a auna nan yayin murɗa makulli. Wutar ta ratsa tsohon makulli da mahaɗai masu shekaru, sau da yawa abin da ke isowa bai kai bolt 10 ba, salanayid mai zafi kuwa ba ya ja da wannan. Maganinsa rilei, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu: ƙafa 30 daga batir ta cikin fiyus, 87 zuwa salanayid, 86 tsohuwar wayar makulli, 85 a jikin bodi. Idan kuwa wuta ta iso cikakkiya ta ko'ina amma kik shiru, kuma yana motsawa in an ƙwanƙwasa shi da sifana, buroshinsa ne ya cinye. A sauke shi a gyara, ƙwanƙwasa ba ta ɗorewa.

Idan injin yana juyawa amma bai kama ba, mitar tana taimakawa rabi ne. Da makulli a kunne, ƙafar kwayil da ta tafi distiributa ta nuna kusan wutar batir idan kwantak a buɗe yake, ta sauka kusan sifili idan ya rufe. Ta tsaya a tsakiya, to fuskar kwantak ta ƙone ko ta yi datti. A goge, a saita gibinsa milimita 0.4. Kwandansa mai mutuwa idan ta yi zafi kuwa wannan mitar ba ta iya kama ta, gara a ajiye sabuwa a mota a gwada. Haka raɓar da ke taruwa cikin murfin distiributa a watan Agusta, da fetur da ke tafasa a bututu bayan an kashe injin mai zafi, ido da hannu ne ke gano su.

Tana da rauninta. Wayoyin da take zuwa da su sirara ne, suna tsinkewa daga gindin tsinke, kuma wannan babban haɗari ne ga mai neman ciwo mai zuwa da tafiya, domin mita ma sai ta riƙa yi maka ƙarya. A sayi masu kauri da maƙalai masu baki, yadda mutum ɗaya zai maƙala su ya jingina mitar a gilashi ya murɗa makulli da kansa. Wajen auna kwayil, wanda ƙaramin zagayensa yake kusan om 3 (om ma'aunin yadda waya ke tare wuta ne), ko 1.5 ga mai balas, wato abin rage wutar da ke shiga kwayil, a fara haɗa tsinkayen biyu a ga abin da suka nuna, a debe shi daga sakamakon. Lambobinta suna jinkirin sauyawa, suna kuma rawa kusa da wayoyin fulogi idan injin na aiki. Ba ta kashe kanta, kuma idan batirinta na bolt 9 ya yi sanyi sai ta riƙa ƙara lamba, mataccen batirin mota ya fito kamar lafiyayye. Ramin da aka rubuta 10A, na auna amfiya, kuma ba shi da fiyus a yawancinsu, kada a manta jan tsinke a ciki a taɓa batir, nan take waya za ta narke.