Tarihin ciwon barci a Anchau: Kaduna za ki nufa ko Landan?

Malama, na ga tambayarki tun shekaranjiya, sai yau Allah ya ba ni sarari. Ga waɗanda abin ya wuce su: 'yar'uwarmu tana rubuta kundin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kan yadda aka yaƙi ciwon barci a ƙasar Anchau zamanin Turawa. Wani ya ce mata duk takardun kirki suna Landan, a makarantar nan ta nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi da ake taƙaita sunanta LSHTM, wai in ba ta taka can ba aikin ba zai yi armashi ba. Shi ne take tambaya ko ta fara tara kuɗin biza, ko kuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ya ishe ta.

A gajarce, Kaduna za ki je da ƙafarki. Landan kuwa kina zaune a ɗakinki za ki leƙa ta, ta waya ko kwamfuta. Amma bari in ajiye miki su gefe da gefe ki auna da kanki.

Da farko a raba abu biyu da ɗalibai ke yawan cakuɗawa. Laburare wurin abin da aka buga ne: littafi, mujalla, rahoto, kundin digiri. Abin da aka buga yana da kofe da yawa, in babu a nan akwai a can. Ma'adanar takardu kuwa wurin abin da ba a buga ba ne: wasiƙa, fayil ɗin ofis, littafin rajista, taswirar da aka zana da hannu. Yawanci ƙwaya ɗaya ce tak a duniya. Saboda haka ba a biyan kuɗin mota ko na jirgi don abin da aka buga sai an tabbatar babu shi a intanet. Tafiya ta takardar da ba ta da ta biyu ce.

To, me ke Landan? Likita Patrick Manson ne ya kafa makarantar a 1899, kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake kwantar da ma'aikatan jirgi da suka dawo da cututtuka daga ƙasashe irin namu. A 1929 ta koma gininta na yanzu a tsakiyar birnin, da tallafin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Likitocin mulkin mallaka da yawa nan suka yi kwas kafin a turo su Afirka. Abin da ma'adanarta ta fi alfahari da shi shi ne takardun Ronald Ross, wanda a 1897 a Indiya ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro, har aka ba shi kyautar Nobel a 1902. Dubban wasiƙu ne da littattafan da yake rubuta abin da ya gani a madubin likita. Akwai kuma taswirori, da hotuna, da takardun wasu malamanta. Jerin abin da ke ciki yana intanet, kowa na iya dubawa, kuma ana amsa imel. Mai son ganin takarda ido da ido sai ya nemi a ba shi rana tukuna.

Ki lura da irin kayan: tarihin masana ne da binciken da suka yi. Mai rubutu kan yadda aka gano hanyar yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro, wannan gidan nasa ne. Ke kuwa tambayarki ta mutanen Anchau ce, waɗanda aka tayar daga gidajensu aka kai su sabon gari. Kuma ko a Ingila ɗin, wasiƙun gwamnati ba a makarantar suke ba. Suna babbar ma'adanar ƙasar da ke unguwar Kew a Landan, a jerin da ake kira CO 446 na Arewa kafin haɗewar 1914, da CO 583 na Najeriya gaba ɗaya. Abin da ke cikinsu shi ne abin da Gwamna ya ga ya dace ya aika wa Ofishin Mulkin Mallaka: neman kuɗi, rahoton shekara, bayanin nasara. Tatacciyar magana ce, an wanke ta an goge kafin a sa ta a jirgi.

Kaduna kuwa ɗanyen kayan ke nan. Ma'adanar ƙasa ta Najeriya ta samo asali a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan rassanta uku ne, Ibadan da Inugu da Kaduna. Na Kaduna shi ya gaji fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa, waɗanda za ki ga an yi musu lamba SNP, da na ofisoshin Razdan lardi lardi: ZARPROF na Zariya, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, da sauransu. Anchau a Lardin Zazzau take, don haka ZARPROF ne gonarki, ki haɗa da SNP, ki kuma leƙa na Kano tunda aikin yaƙi da cutar a Anchau ya yi wajen iyakar lardunan biyu.

Bari in tuna mana da abin da ya faru, don ki san me kike nema. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ƙamari a Arewa. Aka kafa ayarin ma'aikata suna bi ƙauye ƙauye, a tara jama'a a gindin bishiya, a bi layi ana lalubar wuyan kowa. Wanda aka ji yana da kaluluwa sai a soka allura a zuƙo ruwanta a duba a madubi. In an ga ƙwayar cutar, sai jerin allurai na makonni. Dubban ɗaruruwan mutane aka yi wa magani ta haka. Amma magani bai hana sake kamuwa ba, domin ƙudan tsando yana nan a kurmin bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa da wanki, yara ke wanka. Daga nan ne, a ƙarshen shekarun 1930, aka fito da shirin Anchau: a sare kurmin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin kimanin mil 10, a tattara ƙananan ƙauyuka wuri guda yadda yawan jama'a da noma za su hana dajin dawowa, a gina rijiyoyin siminti don a raba mutane da rafi. Aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Masanin ƙwari T. A. M. Nash, wanda ya yi aikin, ya fitar da rahotonsa a 1948.

Wannan rahoton bugagge ne, na laburare ne, kuma dole ki karanta shi. Haka ma dogon bitar tarihin cutar a Arewa da likita A. J. Duggan ya buga a 1962 a mujallar ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Ingila. Amma waɗannan muryar masu shirin ce. Tambayoyin da za su sa kundinki ya bambanta da na kowa wasu ne daban. Wa ya sare kurmin, kuma biyansa aka yi ko aikin tilas ne aka ɗora wa dagatai su kawo mutane? Yaya aka yi da gonakin da aka bari, da kushewun iyaye? Me ya sa wasu ke gudu daji in an ji masu duba wuya sun iso? Ina Sarkin Zazzau da hakimai suka tsaya, kuma nawa baitulmalin En'e ya zuba? Irin wannan a cikin musayar takarda tsakanin Di'o da Razdan da likita ake tsintarsa, da bayanan rangadi, da rahoton kimanta haraji na gunduma, wani lokaci har da wasiƙun hakimai da Hausa ko Larabci.

Fayil irin na wancan zamani abin kallo ne. Bango mai kauri, an huda kusurwa an zura igiya, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi, wani wuri tsatsar fil ta ci gefen shafi. Wasiƙar da aka buga da tafireta ita ce ta hukuma, amma ni idona gefen takarda yake fara zuwa, inda wani jami'i ya yi ɗan rubutu da alƙalami, na gaba da shi ya ba shi amsa a ƙasa da wani launin tawada. A nan suke faɗin abin da ba za su aika Landan ba. Ki koyi karanta rubutun hannunsu. Kwana biyun farko za ki ji kamar tafiyar tsutsa kike kallo, daga baya ido ya saba.

Ta fuskar sauƙin nema, gaskiya Landan ta yi gaba. Kina kwance ki rubuta kalma, jerin Kew ko na LSHTM ya fito miki da lamba da shekara. Kew ma tana ɗaukar hoton fayil ta aiko, in kin biya. Ga laburaren Wellcome, shi ma a Landan, wanda ya sa tsofaffin littattafai da rahotannin likitanci masu ɗimbin yawa a intanet kyauta. A Kaduna kuwa ki shirya zama da jerin sunayen fayiloli na takarda, ki bi layi layi da yatsa. Da Turanci aka jera su, kuma ba kullum sunan cutar ke kan bango ba. Ki nemi sunan cutar, ki nemi sunan ƙudan, ki nemi sunan gari da na gunduma, ki nemi kalmomin ƙaura da rijiya da aikin gayya. Ki kuma tuna Turawa kan rubuta sunan gari ɗaya ta hanya biyu ko uku. Ma'aikacin da ya daɗe a wurin ya fi kowane jeri sanin inda kaya suke, don haka ki gaishe shi da kyau, ki yi masa bayanin aikinki dalla-dalla.

Batun kuɗi ba sai na ja ba. Biza da tikiti da masauki na mako biyu a Landan sun isa ki yi watanni kina zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya da Anchau, har da canji.

Akwai inda ma'aunin ke juyewa, kuma na faɗa ne don sauran 'yan'uwa da ke biye da mu. Wanda tambayarsa ta yau ce, misali wane magani ke aiki ko ina cuta ta fi yawa, ba shi da abin yi da tsohon fayil. Laburare yake buƙata, kuma mafi yawansa ya zo har gida. PubMed, shafin neman maƙalun likitanci a intanet, kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da rumbunta mai suna IRIS, inda za a samu, alal misali, rahoton 1980 na binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Garki ta Jihar Jigawa ta yanzu, wanda har gobe masana ke komawa gare shi. LSHTM kanta tana da rumbu a buɗe na maƙalun malamanta da kundayen ɗalibanta. Shafin AJOL kuma ya tattara mujallun bincike na Afirka. Mujallun da ake biya kuwa, shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta fara a 2002 yana buɗe da yawansu, amma makaranta ko asibiti ke yin rajista ba mutum ɗaya ba, don haka ki tambayi ma'aikacin laburaren jami'arku. Abin takaici, ɗalibai nawa ne ke gama digiri ba su taɓa yi masa sallama ba.

Tunda za ki Kaduna, kada ki tsaya gida ɗaya. Cibiyar binciken cutar sammore da ciwon barci ta ƙasa, wadda aka fara a matsayin ta Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, hedikwatarta a Kaduna take, da reshe a Vom. Ki nemi izinin duba tsofaffin rahotanninta na shekara-shekara. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da nasa takardun da kundaye. A Zariya kuma ga Laburaren Kashim Ibrahim, inda za ki duba ko wani ya riga ki rubutu a kan wannan batu, kada ki sha wahalar haƙa rijiyar da aka riga aka haƙa.

Sai abin da babu shi a Landan babu shi a Kaduna: mutanen Takalafiya da ƙauyukan kewaye. Waɗanda aka tayar suna manya sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, sun san daga wace unguwa aka taso su, sun san rijiyar da Bature ya gina. Ki fara karanta fayilolin, ki fitar da sunayen ƙauyuka, sannan ki je ta hannun hakimi da mai unguwa. In kin ci karo da sunayen marasa lafiya a rajista, ki ɓoye su a kundinki, zuriyarsu na raye.

Ranar tafiya ki riƙe wasiƙar gabatarwa daga sashenku, da katin shaida, da fensir, da 'yan kuɗin rajista, ki kuma tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ki ɗaga waya. In an ba ki izini, bangon fayil za ki fara ɗauka, lambarsa ta fito raɗau, sannan shafukan ciki. Ni na taɓa ɗaukar shafuka sama da ɗari a wata ma'adana ina ta murna, na dawo gida na tarar ban ɗauki bango ko ɗaya ba. Ban san wace wasiƙa ta fito daga wane fayil ba, malamin da ke duba aikina kuwa ya ce ba zai karɓi hujjar da ba ta da lamba ba. Sai da na sake biyan kuɗin mota.