Takalmin birki mai araha a tsohuwar Hilux

Takalman birkin gaba masu araha da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suna kamawa lafiya idan motar ba kaya. Matsalarsu zafi. A loda buhunan masara a bi gangara, sai su yi santsi, su fara ƙara, birkin ya ƙi ci. Masu tauri kuma faifan birkin da suke matsewa suke cinyewa, kuɗin da aka rage ya tafi wajen sayen faifai.

Na Toyota sun fi tsada, amma sun fi jure lodi. A canza idan kaurin ya sauko milimita 2, hagu da dama tare. Bakanike ya buɗe gangar baya ma: idan silindar da ke tura takalmin na yoyo, man birki ya jiƙa takalmin, wanki ba ya gyara shi. Bayan gyara, a zuba man birki nau'in DOT 3, a fitar da iska.